Gadar bim a ƙaramin layin dogo: zango ɗaya ko biyu, kuma da me ake ƙera ta?

ƊanTasha_KD
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da ƙaramin samfurin layin dogo a ɗaki, ma'aunin HO, wato 1:87, komai an rage girmansa sau 87. Na yanke katakon teburin na bar wa kogi hanya, faɗin wurin santimita 46 daga gaɓa zuwa gaɓa, dogon kuma miƙaƙƙe ne a nan. Gadar ƙarfe nake so irin ta da, mai bim (doguwar sandar da ke ɗaukar nauyin gada) na faranti da ribit (ƙusoshin da ke haɗa farantan ƙarfe), ba mai saƙar ƙarfe ba. In yi ta zango ɗaya ne ko in sa ginshiƙi a tsakiya? Jirgi ya bi ta saman bim ko ta tsakaninsu? Sannan waɗanda ake sayarwa a haɗe, kuɗin kawo su daga waje ya fi kuɗin gadar, shi ya sa nake so in ƙera da hannuna. Waɗanda suka taɓa yi, a taimaka.

Injiniya_Sabo
Wa alaikumus salam. Fara da lissafi kafin ka taɓa reza. Santimita 46 sau 87 ya ba ka mita 40. Bim na faranti mai ɗaukar jirgi, tsayinsa daga leɓen ƙasa zuwa leɓen sama yakan zama kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin sha biyu na tsawon zangon. Ka ga in ka ce zango ɗaya, sai bim ɗinka ya kai santimita 4, kusan tsayin taragon kansa. A zamanin ribit da wuya a kai faranti wannan nisa, saƙa ake komawa. Sa ginshiƙi a tsakiya, zango biyu, kowane santimita 23, wato mita 20. Tsayin bim milimita 20 zuwa 23. Wannan lissafi shi ne gadar, sauran duk ado ne. Ko wanda bai san komai a kan gini ba, in ya ga siririn bim ya miƙe dogon zango, ransa zai ba shi cewa akwai abin da bai yi daidai ba, ko da ya kasa faɗin mene ne. Magina na gargajiya sun san haka da azara: in ɗaki ya yi mata faɗi sai ta lanƙwashe, dole a kafa ginshiƙi ko a ɗaura baka.

Bilya_Kwangila
Ni fa ina ganin kuna wahalar da kanku. Kamfanonin Atlas da Peco duk suna yin irin wannan gada, ka haɗa da wani mai zuwa daga waje ya saƙo maka a jaka. Ba nauyi gare ta ba.

ƊanTasha_KD
Bilya, ai wanda zai saƙo ɗin ne babu. Kuma ko an samu, tsawonsu ba lallai ya zo daidai da ramin da na yanke ba.

Maryam_Zane
Malam ƊanTasha, ban ƙi lissafin Injiniya ba, amma ni zango uku zan ba ka shawara, kowane wajen santimita 15, tsayin bim milimita 13 zuwa 15. Dalilina na ido ne. Ginshiƙi ɗaya a tsakiyar kogi yana raba hoton gida biyu daidai, sai ido ya tsaya a kansa. Ginshiƙi biyu kuwa suna barin tsakiyar ruwa a buɗe, kuma gajerun zangona suna sa kogin ya yi kamar ya fi girmansa. A teburin da kullum wuri ke ƙaranci, wannan riba ce.

Injiniya_Sabo
Malama Maryam, maganarki ta shiga, kuma a zahiri ma ba a son ginshiƙi a inda ruwa ya fi ƙarfi. Sai dai kowane ginshiƙi kuɗi ne, haƙa ne a cikin ruwa. In gindin kogi dutse ne kusa, sukan yawaita ginshiƙai su gajarta ƙarfe. In yashi ne mai zurfi, sukan tsawaita ƙarfe su rage ginshiƙai. To shi ne zai faɗa mana wane irin kogi yake ginawa.

TsohonMaiDogo
Yara, sannunku da aiki. Jikana ne ya nuna mini wannan zaure, na ce bari in sa baki tunda na ci tuwon dogo. Kuna ta maganar bim, ba wanda ya yi maganar abin da bim ya zauna a kai. Gada ba ta kwanciya kai tsaye a kan siminti. A kowane ƙarshen bim akwai mazaunin ƙarfe, gefe ɗaya a ɗaure tamau, ɗaya gefen a sake shi yana ɗan zamewa, domin ƙarfe yana miƙewa da rana yana komawa da dare. In ka tsuguna a ƙarƙashin gada za ka ga haske tsakanin leɓen ƙasa da kan ginshiƙi. Wanda ya manna bim ɗinsa a jikin ginshiƙi ba wannan tazarar, ni dai da na gani zan san bai taɓa shiga ƙarƙashin gada ba.

Na biyu, katakan da ke ƙarƙashin dogo a kan gada ba irin na fili ba ne. Sun fi kauri, sun fi tsawo, kuma a matse suke kusa da juna. Ba tsakuwa a irin wannan gadar, ta tsakanin katakan kana hango ruwa. Na uku, akwai ƙarin dogo biyu a ciki, tsakanin waɗanda jirgi ke takawa. Aikinsu in ƙafar tarago ta sauka su riƙe ta kada ta yi gefe ta faɗa kogi. Suna wuce bakin gada kaɗan, sannan a lanƙwaso bakinsu su haɗu a tsakiya. Su ba sa ƙyalli, tsatsa ce kawai a kansu, tunda ba abin da ke taka su.

Injiniya_Sabo
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ga masu son lamba: ƙarfe mai mita 20, in zafi ya sauya da digiri 30, yana miƙewa wajen milimita 7. Kaɗan ne a ido, amma ya isa ya fasa ginshiƙi in an ɗaure shi gefe biyu. A samfuri kuwa ɗan guntun roba mai kaurin milimita 2 ko 3 a ƙarƙashin kowane ƙarshe ya wadatar.

ƊanTasha_KD
Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Katakan nan da me zan yi su? Dogon da nake da shi da nasa na roba a jiki ya zo.

Maryam_Zane
Ashana. Kaurin tsinken ashana wajen milimita 2 ne, a ma'auninka ya kama santimita 17, bai yi nisa da na gaske ba. Ka yanke kan, ka daidaita su milimita 35, ka jiƙa su a ruwan baƙin fenti da ƙasa-ƙasa mai ruwa-ruwa kafin ka manna, don gam ba ya barin launi ya shiga daga baya. Sai ka zare katakan roba daga dogon a iya tsawon gadar, ka manna dogon a kan ashanar. Amma ka bar na roba ɗaya-ɗaya har gam ya kama, su riƙe maka faɗin milimita 16.5 da ke tsakanin dogayen biyu, in ba haka ba jirgi zai sauka a tsakiyar gada.

Abdu_Maradi
Salam 'yan'uwa. Mu nan dogon gaske ma jiransa muke daga Kano, balle ƙarami, amma ina bin zauren. Tambayata, shi jikin bim ɗin da me? Kwali zai yi?

Gwani_Langalanga
Kwali yana yi, amma damina ɗaya zai sha danshi ya karkace, kuma gara ba ta raina shi. Ni tsofaffin katunan banki da na shaida nake tarawa, waɗanda suka daina aiki. Kaurinsu milimita 0.76, tsawo 85 da ɗoriya, ba sa lanƙwasa. Zangon santimita 23 zai ci uku. Kada mahaɗin ya dame ka, domin bim na gaske ma faranti-faranti ake haɗa shi, a rufe mahaɗin da wani ƙaramin faranti mai layukan ribit. Kai ma sai ka rufe naka da siririyar takarda mai ƙarfi, ya zama ado maimakon aibi. Ka goge fuskar katin da samfefa tukuna don fenti ya kama. Abu ɗaya: katin nan robar PVC ce, gam ɗin da ke narkar da robar samfuri irin na kamfanin Tamiya ba ya cin sa, sai sufa gulu.

Bilya_Kwangila
Kaurin 0.76 sau 87 ai ya haura santimita 6. Wane faranti ne mai wannan kauri? Ku da kuke cewa sai an bi lissafi.

Injiniya_Sabo
Bilya ka kama mu, amma rabi. Farantin gaske bai fi milimita 10 zuwa 16 ba. Sai dai kaurin jikin bim ba ya ganuwa, leɓen sama da na ƙasa sun rufe shi. Inda kauri ke tona asiri shi ne bakin leɓe da haƙarƙarin da ke tsaye a jiki. Su ne za a yi da abu siriri.

Tunda an zo nan, bari in faɗi yadda ake jera su, don nan ne aka fi yin kuskure. Haƙarƙarin nan angul ne ake kafawa a tsaye don kada farantin ya lotsa. Tazararsu ba ta cika wuce tsayin bim ɗin ba, kuma kusa da ƙarshe, wajen mazauni, sun fi matsuwa, har a kan mazaunin kansa akan jera biyu ko uku gab da juna. Leɓe kuma akasin haka ne: a tsakiyar zango ya fi kauri. Ana ɗora faranti a kan faranti, na farko ya tafi har ƙarshe, na biyu ya fi shi gajarta, na uku ya tsaya a tsakiya kawai, saboda a tsakiya ne nauyi ya fi son lanƙwasa bim. In ka yi wannan hawa-hawan a leɓen ƙasa da siraran takardu biyu, duk wanda ya san aikin zai gyaɗa kai.

Sani_Kofar_Ruwa
Ku je wurin masu tagogin alminiyon ku nemi ragowar yanka. Akwai mai siffar kwata, ka samu mai faɗin santimita 2, shi zai zama ƙashin gadar a ɓoye, katin Gwani ya zama riga kawai a gefe. Ko yaro ya dafa ba za ta karye ba. Amma kada ƙarfen ya taɓa dogayen biyu, wuta za ta haɗe jirgi ya tsaya cak. Ashanar da Malama ta ce ita za ta raba su.

ƊanTasha_KD
Madalla. Saura tambayata ta biyu ba a taɓa ba: ta sama ko ta tsakani?

Injiniya_Sabo
Ruwa ne ke yanke wannan hukunci, ba sha'awa ba. In akwai sarari tsakanin dogo da iyakar ambaliya, bim biyu a ƙarƙashin dogo ake sawa, jirgi ya bi ta sama. Ya fi araha, ya fi sauƙi. Tazararsu wajen mita 2, a wurinka milimita 23, da ƙarafan giciye a tsakani. In kuwa sararin ya yi kaɗan, ko titi ne a ƙasa da manyan motoci ke bi, sai a ɗaga bim ɗin zuwa gefe da gefe, jirgi ya ratsa tsakaninsu, nauyinsa na kan ƙananan bim da aka gitta a ƙasa. Wannan sai ka buɗa su milimita 55 zuwa 60, ka kuma gwada da taragonka mafi faɗi kafin gam ya bushe. Nawa ne daga dogonka zuwa gindin kogin?

ƊanTasha_KD
Santimita 9.

Injiniya_Sabo
To ta sama. Ka cire 2 da ɗan kai na bim da katako, saura fiye da 6, wato sama da mita 5. Ya isa.

Kabiru_Zongo
Gaisuwa daga Kumasi. Ina da ja a kan wani abu da ba wanda ya ɗago. Malam ya ce gada irin ta da yake so. Tsohon layin Najeriya, wanda ya isa Kano a 1911, faɗinsa milimita 1,067 ne, irin namu na Ghana. Dogon HO kuwa, 16.5 sau 87, ya ba da 1,435, faɗin sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Shi kuma sabon layin gadojinsa galibi na kankare ne. Ashe ke nan za a ɗora dogon zamani a kan gadar zamanin Turawa. In gaskiya ake nema, dogo mai milimita 12 ya kamata ya saya, tunda 1,067 a raba da 87 ya ba da 12 da ɗan kai. Ko kuma ya bar dogonsa ya koma ma'aunin 1:64, yadda masu wannan sha'awa suke yi a New Zealand, inda su ma faɗin layinsu ke nan.

Bilya_Kwangila
Wato ya zubar da jiragensa duka saboda milimita huɗu? Haba Malam Kabiru.

Kabiru_Zongo
Ban ce ya zubar ba. Na ce ya san abin da yake yi. Kuma ba milimita huɗu ce kawai ba, tsayuwar jirgin ce ke sauyawa. A ƙaramin faɗi jikin tarago yana fitowa sosai ya rufe ƙafafun, shi ne kamannin jirginmu.

ƊanTasha_KD
Malam Kabiru gaskiyarka, amma jiragen da nake da su na hannu ne na samu, ƙirar Amurka, kuma a Amurka gadar faranti mai ribit a kan faɗin 1,435 ba a ƙirga ta. Ban ce Kaduna nake ginawa ba. Ƙasar tebur ce, ni ne gwamnanta.

TsohonMaiDogo
Ranka ya daɗe gwamna. To in ka tashi ba da kwangilar babbar gada, ka tuna da ta Makurɗi a kan Binuwai, 1932 aka buɗe ta, kamfanin Sir William Arrol ya gina, su ne suka yi gadar Forth a Sikotland. A lokacin jirgi da mota duk ita suke bi. Amma ita zangonanta sun fi ƙarfin faranti, saƙa ce. Kafin a yi ta, da kafin ta Jebba, a jirgin ruwa ake ɗora taragu a tsallakar da su. Irin wadda kake so kuwa, ƙananan koguna ne wurinta, kuma suna nan birjik a tsohon layi. Ka je ka kalli ɗaya daga ƙasa. Ban ce ka hau ba, kuma ka yi sallama da masu tsaron wurin kafin ka ɗaga waya.

Hafsat_3D
Ni ribit ɗin nake jira a zo kansa. Gada irin ta da in ba ribit ai walda ce, ta koma ta bayan shekarun 1950. Ina da injin buga roba na 3D, kuma irin mai zaren roba ba ya fitar da su da kyau, sai mai ruwan guduro. Kan ribit na gaske wajen milimita 35 ne, a HO ya dawo 0.4. Da hannu ta yaya za ku yi ɗaruruwansu a layi ɗaya?

Gwani_Langalanga
Gwangwanin lemo, Hajiya. A yanke, a miƙe shi, a ɗora a kan kwali, a bi bayansa da allura mai dakusasshen baki a jikin rula. Kowane dannawa ƙurji ɗaya ne a gaba. Wanda ya samu haƙorin tsohon agogo ya sa masa mariƙi, sai ya gangara shi kawai, tazarar ta fito daidai da kanta. A yanka siri-siri a manna a matsayin angul.

Maryam_Zane
Ni kam a nan na rabu da ku. Daga nisan mita ɗaya, inda mai kallo ke tsayawa, ba idon da ke ganin abu mai 0.4. Abin da ake yi da allura yakan fito ninki biyu ko uku na girman da ya kamata, kuma layi ɗaya ya karkace ya ɓata sauran. Ribit mara kyau ya fi rashin ribit muni. Inuwar haƙarƙari da ta leɓe ita ido ke kamawa.

Hafsat_3D
Ido na tsaye ba ya gani, amma kyamarar waya tana gani. Kuma mu duka nan hoto muke turo wa juna.

Injiniya_Sabo
Ku raba: ribit a fuskar da ke kallon mutane, a kan haƙarƙari da farantin mahaɗi kawai. Ta baya da ke kallon bango a bar ta haka.

Abdu_Maradi
Ruwan kogin fa? Guduron da ake zubawa ya yi tsada a nan.

Sani_Kofar_Ruwa
Wa ya ce sai da ruwa? Kogunanmu rabin shekara yashi ne. Ka tankaɗe rairayi mai laushi, ka shimfiɗa, ka ɗiga masa farin gam da aka sirka da ruwa. Ka bar 'yar siririyar hanya a gefe ɗaya ka shafa mata banish ta yi ƙyalli, ga sawun shanu, ga ramin masu ɗibar yashi. A jikin ginshiƙi ka ja duhun layi inda ruwan Agusta ke kaiwa, ka maƙala 'yan tsinkaye a gefen da ruwa ke bugowa. Wannan layin kaɗai yana gaya wa mai kallo dalilin da ya sa gadar ta yi wannan tsayi.

TsohonMaiDogo
Sani ya san kogi. Ku ƙara da cewa ginshiƙi ba akwati ba ne, gefen da ke fuskantar ruwa yana da hanci ko zagaye don ya tsaga ruwa, kuma ƙasansa ya fi samansa faɗi. A bakin gada ma akwai bango da fukafukai biyu da ke riƙe ƙasar da aka tara wa dogo. Tsatsa kuma kada a watsa ta ko'ina. Tana zama inda ruwa ke kwana: saman leɓe ƙarƙashin katako, gindin haƙarƙari, da wajen mazauni, daga nan ta zubo a jikin siminti. Sauran jiki fenti ne da ya koɗe, da jar ƙura.

Gwani_Langalanga
Wani abu kafin ka manna komai: gama gadar tukuna, ka rataye ta a jikin dogon, sannan ka gina ginshiƙai daga ƙasa su taso su same ta. In ka fara da ginshiƙi, rabin milimita ya isa ya sa jirgi tsalle a baki. Kuma ɗakin kwano a watan Afrilu dogo yana miƙewa, katakon tebur kuma yana tsukewa da hunturu. Ka bar 'yar tazara a mahaɗin dogo, kaurin kati ɗaya bai kai ba, amma nesa da gadar.

Kabiru_Zongo
Nesa da gadar? Ni a bakinta nake yankewa gefe biyu, don in iya cire ta in share ƙura.

Gwani_Langalanga
Mahaɗi a bakin gada nan ne jirgi ya fi sauka. Buroshi mai laushi ya ishe ka shara.

ƊanTasha_KD
Na gode ƙwarai jama'a. Ga inda na tsaya: jirgi ta sama, ƙashin alminiyon, rigar kati, katakan ashana, busasshen kogi. Ribit zan gwada a guntu ɗaya in ɗauki hoto in turo ku yanke. Zango biyu ko uku ne har yanzu ban tsayar ba. Na yanka kwali na jera duka biyun a wurin, uku ya fi kyau a ido, amma taragon fasinjana ya fi kowane zango tsawo ninki biyu, sai gadar ta yi kamar ta yi masa kaɗan.

Maryam_Zane
To ka yi na tsakiya santimita 20, na gefe 13 kowane. Lissafin ya cika 46.

Injiniya_Sabo
Zai yiwu, ana yin haka. Amma ka tuna na tsakiyar zai fi na gefe tsayi da wajen milimita 6, saman su kuma dole ya zo daidai, don haka kan ginshiƙi zai zama mai hawa biyu, ɓangaren gajeren bim ya fi tudu. Baba, a layinku kun fi yin hawan a jikin siminti ne, ko ƙarfe kuke sa wa ƙaramin ya taka?